Wankan Jego a Ɗakin da Ya Yi Yoyo

Wankan jego ne ya kai ni Doha. 'Yata ta fari ce ta haihu, haihuwar fari, kuma likita ya hana ta hawa jirgi da tsohon ciki, balle ta zo gida a yi mata abin da ake yi wa kowace mace a gaban uwarta. Da ba ta zo ba, ni na je. Ba na kiran sunanta, a nan ma ba zan fara ba. Mijinta da tuƙi ya fara a ƙasar, har ya zama mai kula da direbobin kamfaninsu. Mutum ne mai sanyin hali, wanda tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskata ba. Idan zai gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in amsa ina kallon bango. In yana da magana ya ba matarsa, in ina da magana in ba 'yata. Haka muka taso muka tarar, haka muka kai shi ƙasar Larabawa.

A unguwar Ain Khaled suke haya, a saman wani gida. A ƙasa akwai wata nas 'yar Filato, Kirista, ita da mijinta. Sista nake ce mata, ita kuma ta ce mini Mama. Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu, bakinta kuma ba ya riƙe magana.

Tun kafin in sauka na aika a nemo mini babbar tukunya, aka samo a wani kanti a Mesaimeer. Akwai darbejiya a bayan masallacin unguwar. Kullum surukina zai karyo ganyen in ya dawo daga salla, ya ajiye a bakin ƙofa, bai taɓa faɗin ko na mene ne ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya da baki ba. Safe da yamma nake ɗora ruwa a kan gas har ya tafasa, in kai banɗakin da ke cikin ɗakinta, in tsoma ganyen in riƙa faɗa mata shi a jiki tana cije leɓe. A ƙasar babu gadon da za a hura wa wuta a ƙarƙashi, saboda haka na yi dabarata. Na kashe esi mai sanyaya ɗakin, na toshe taga da zane, in an gama wanka in bar ƙofar banɗaki a buɗe, tururin ya cika ɗakin, ta kwanta a cikinsa ta sha kunun kanwa. Mai jego ɗanya ce, sai an gasa ta. Na ga matan da aka yi wa sakaci, na ga yadda suka tsufa da baya a tanƙware tun 'ya'yansu ba su yi aure ba. Ban ƙetare teku don 'yata ta zama ɗaya daga cikinsu ba.

Ba a daɗe da yin suna ba aka yi ruwan. Bayan azahar gari ya yi duhu, sai ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ni ban ga abin mamaki ba, ruwa ne irin wanda muke gani a tsakiyar damina. Amma ƙasar ba ta saba da shi ba. Daga taga ina kallon titi ya koma kogi, motoci sun tsaya ruwa har ƙofofinsu, mutane sun tattare jallabiya suna ɗaukar hoto. Rufin gidan shimfiɗaɗɗe ne kamar soro, yashi ya toshe hanyar da ruwa zai bi ya sauka, sai ya zauna a sama ya nemi wata hanyar. Ta ɗakin jego ya samu. Silin ya jiƙe, ya yo ciki, kafin la'asar wani yanki ya faɗo a gefen gado. Na sunkuci jaririn, uwar ta biyo ni, muka koma falo.

Kashegari unguwa ta cika da masu gyara. Ban san inda suke ɓoye ba kafin ruwan. Kowa da tsani a kafaɗa da bokiti a hannu, suna bin gida gida suna ƙwanƙwasawa. A cikinsu har da wani Bahaushe mai gadi, mutumin wajen garinmu, wanda ya ce ya yi aikin gini a gida kafin ya zo. Ya gaishe ni yadda ake gaishe da manya, ya san dangin mijina, ya ce kafin magariba zai toshe wurin. Raina ya kwanta da shi. Amma surukina ya aiko da cewa ba zai yiwu ba. Mutumin ba shi da takardar yin wannan aiki. In aikin ya lalace babu inda za a kai ƙara, in ma an kai, mutumin za a jefa cikin masifa da kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa ya shigo aiki, watakila har a kore shi daga ƙasar.

Na ce wa 'yata, "Gaya masa a garinmu fuskar magini ce takardarsa."

Ta je ta dawo. "Ya ce gaskiya ne, Inna. Amma wai a nan fuska tana hawa jirgi."

Na sallami mai gadin. Mai gidan hayar ya yi tafiya, ta waya ya ce a gyara, a riƙe takarda, in ya dawo za su daidaita. Surukina ya ɗauko wani kamfani mai rajista, masu mota da rubutu a jikinta. Fomansu, shugaban ma'aikatan, gajere ne mai waya biyu, yana magana da wannan yana duba waccan, domin gidajen da ke jiransa suna da yawa. Na ɗauki kujera na zauna a kan matakalar da ke hawa rufi. Duk wanda zai yi aiki a kan kan jikana, zan gan shi. Suka share, suka shafa wani baƙin abu kamar kwalta, suka bi shi da fari, suka sauko suka sauya silin suka yi fenti. Na aika musu kunu, suka sha a tsaye. Duk lokacin da foman ya wuce ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, Mama, khalas." Ban san Larabci ba bayan na salla, amma na gane yana nufin an gama, kuma na ga yana faɗa tun ba a gama ba.

Ya bar takarda mai hatimi. Ban taɓa zama a aji ba, 'yata ce ta karanta mini. Ta ce dokar ƙasar ta ce wanda ya yi maka aiki ka biya shi, dole ya tsaya wa aikinsa. In ya lalace ya dawo ya sake, ko ya mayar da abin da ya karɓa, kuma akwai ofishin da ke kare haƙƙin mai saye in ya ƙi. Na ce dokar ta yi daɗin ji. Gishiri ma yana da kyau a kasuwa, amma sai a miya ake saninsa.

Muka koma ɗaki, na mayar da zanen taga, wanka ya ci gaba yadda yake. Aka sake yin yayyafi, ba mai yawa ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga tabo a sabon silin, daidai inda tsohon ya faɗo, da zobe mai launin ƙasa a kewayensa. Fentin bango ma ya fara ƙuraje yana ɓarewa. Surukina ya kira foman. Ya zo da hantsi, ban daɗe da gama wankan safe ba. Mai jego ta koma ɗakina, aka buɗe masa ƙofa, tururi ya tare shi a fuska. Ya ja da baya, ya leƙa banɗaki ya ga tukunya da ganye, ya yi dariya, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Shi da surukina suka yi magana da Turanci a matakala. Ya tafi, bai dawo ba.

Ba wanda ya gaya mini abin da ya ce. Amma ina da ido. Ganyen da ake ajiye mini a bakin ƙofa ya fara raguwa. Gaisuwar surukina ta ƙara tsawo, sai ya tambayi gajiya, ya tambayi baƙunta, ya tambayi mutanen gida, ya yi gyaran murya, sannan ya tashi. 'Yata kuma in na ɗora tukunya sai ta dubi silin, ta dubi ƙasa. Na bar su. Wanda yake da magana ya san inda nake.

Sista ce ta fasa ƙwan. Ta hauro da yamma da kayan aikinta a jiki, ta ɗauki jaririn tana yi masa wasa, ta ce, "Mama, ashe ke kika dafa musu gida?"

"'Yata na dafa. Me ya sami gidan?"

"Kamfani sun ce ba ruwansu. Wai rufinsu lafiya lau, tururinki ne ya jiƙa silin daga ciki. Surukinki ya kai ƙara ofis ta waya, an kira su, sun tura hoton tukunyarki. Yanzu za a turo mutum ya duba. So yake a dakatar da wankan har a zo a gani, amma ya fi tsoronki a kan kafil ɗinsa."

"Kunya ce, ba tsoro ba. Ku ba ku san bambancin ba."

"To kunyar ta kusa kashe shi. Jiya a mota na gan shi yana magana shi kaɗai, ina jin gwajin yadda zai gaya miki yake."

Na ce ba za a dakatar ba. Wankan da aka yanke a tsakiya ya fi wanda ba a fara ba illa, domin jiki ya riga ya buɗe, sanyi zai shiga ya zauna. Sista ta ce ita ma tana da abin da ta gani. Ta yi aiki a asibiti a gida, ta ga masu jego da ƙafafu a kumbure, numfashi yana gagara, duk saboda kanwa da ruwan da ya wuce kima. Na ce ni na yi wa mata da yawa, ba wadda ta kumbura a hannuna. Ta ce wadda ta kumbura ba wurina za ta dawo ba, wurinsu a asibiti ake kai ta. Muka tsaya a nan. Na zuba mata kunu, ta sha, ta ce ya yi daɗi amma kanwar ta yi yawa.

'Yata ta kawo tata shawarar a hankali, wai ranar da mutumin zai zo a ɓoye tukunya, a cire zanen taga, a kunna esi. Na dube ta har ta sunkuyar da kai. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da nake yi ba sata ba ce, kuma in mun fara da ƙarya, gaskiyar da muke da ita ma ba za a karɓa ba.

Mutumin ofishin ya zo da safe, Sista tana wurin aiki. Balarabe ne mai furfura a gemu, da farar riga. Foman ma ya zo. Abin da ya fara burge ni, bai shiga ɗakin ba sai da ya tabbatar mai jego ta fita. Ya shafa bango, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon tabon, ya leƙa banɗaki. Tukunyata tana nan inda take. Sai ya tambayi me ake yi da ita, ya ce kuma mai yin yake so ta faɗa. Babu mai fassara sai surukina.

Na tsaya a bakin ƙofa na juya wa bango fuska, shi ya tsaya ya juya wa taga. Ya ce, "Inna, wai yana tambayar... aikin da ake yi."

Na yi bayani tun daga farko. Na faɗi yadda ake tafasa ruwan, da inda ake fara faɗa ganyen, da dalilin da ya sa mace take buƙatarsa bayan haihuwa, ban rage komai ba. Da na gama, surukina ya yi wa mutumin kalmomin da ba su cika tafin hannu ba.

Na ce wa bango, "Duk maganar nan tawa ita ce wannan?"

"Larabci gajere ne, Inna."

Mutumin ya gane ko ba a faɗa ba. Ya yi murmushi, ya ce su ma matansu suna zaman arba'in, mahaifiyarsa ta yi wa 'yan'uwansa mata irin nasu na turare da abinci mai ɗumi. Foman ya fara nuna hoto yana ɗaga murya, mutumin ya ɗaga masa hannu. Ya ce fentin bango ya ɓare ko'ina daidai wa daida, wannan aikin tururi ne, ba sai an yi musu ba. Amma tabon sama wuri ɗaya ne, kuma shi ba zai yanke hukunci da zato ba. Za a toshe hanyar ruwa a kan rufi, a cika shi da tiyo, a bar ruwan ya zauna. Kafin ya dawo, kada tururi ko kaɗan ya shiga ɗakin, a buɗe taga. In silin ya ɗiga, rufi ne. In bai ɗiga ba, kamfani ya fita.

Suka tafi suka bar ruwa kwance a kan rufi. Banɗaki ɗaya ne a saman, shi ne na cikin ɗakin. Da la'asar ta yi na tashi na ɗauko tukunya kamar kullum. Ina cikin tara ruwa sai na ji motsi a bakin kicin. Surukina ne a durƙushe. Bai aiko matarsa ba.

Ya ce, "Inna, don Allah."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma tun da ya zama surukina bai taɓa roƙona komai ba. Na san in na yi wankan a ɗakin, ko silin ya ɗiga foman zai ce ni ce, jikana kuma zai ci gaba da kwana a ƙarƙashin rufin da ba a gyara ba. Na kuma san ba zan bar rana ta faɗi 'yata ba ta yi wanka ba. Na rufe famfo. Na yafa mayafi na sauka ƙasa, gwiwata tana ƙara a kowace matakala, na ƙwanƙwasa ƙofar Sista. Ba ta daɗe da dawowa ba.

"Mama da kanta? Lafiya?"

"Aron banɗaki na zo."

Ta riƙe ƙugu tana kallona. Na ga dariya tana cinta, amma ta danne. Ta ce banɗakinta yana da fanka mai zuƙe tururi, ta ba ni har arba'in ta cika in ina so. Amma gidanta ne, da dokarta. Ba za a taɓa 'yata da ruwan ba sai ta tsoma gwiwar hannunta ta ji. Ranar da ba ta nan, mai jegon ce za ta tsoma nata, in ta ce ya yi zafi a sirka. Kanwa kuma a rage, kuma za ta riƙa auna mata jini.

"Ke da ruwan ɗumi kika yi jego, shi ya sa," na ce.

"Na haifi uku, Mama, ga ni a tsaye. Kin yarda ko in rufe ƙofata?"

Na yarda. A ranar, a kan gas ɗinta na dafa ruwan. Ta tsoma gwiwar hannu ta fizge da sauri, ta ce wannan na fige kaza ne. Muka sirka, muka sake sirkawa, ina ƙorafi tana ƙarawa. 'Yata ta yi wankan ba ta cije leɓe ba, abin da bai yi mini daɗi ba.

A sama kuwa ɗakin ya bushe, iska tana shiga tana fita. Washegari da hantsi na shiga ɗauko zanen goyo, sai na ji ɗis a kan katifa. Na tsaya. Wani ya sake faɗowa. Ban taɓa komai ba, na sa aka ɗauki hoto, na ajiye kwano a wurin. Da mutumin ofishin ya dawo, kwanon ya nuna masa abin da yake nema. Ya hau rufin da foman, ya sa aka ɓare gefen abin da suka shafa, aka tarar da danshi a ƙarƙashi, ashe tun farko a kan jiƙaƙƙen wuri suka shafa shi. Ya rubuta cewa kamfani zai sake rufi da silin ba tare da karɓar komai ba. Fentin bango kuwa ya ce ba nasu ba ne, na mai tukunya ne. Surukina bai fassara mini wannan ba, amma mutumin ya nuna tukunyar da biro, ban buƙaci tafinta ba.

Wannan karon aikin bai yi sauri ba. Sai da suka kankare na farko, suka bar rufin ya sha rana, sannan suka sake. Foman ya daina ce mini khalas. In ya wuce ni a matakala sai ya ce wa yaransa yalla, wai su yi sauri, ya kau da kai. Na ci gaba da aika musu kunu. Surukina ya sayo fenti ya shafe bangon da kansa ranar Juma'a, ya fito da fari har a gira, ya gaishe ni a haka.

Sauran kwanakin jegon duk a ƙasa muka yi su, safe da yamma, ba mu tsallake ko ɗaya ba. Har yau ina ganin ruwan bai kai yadda nake so ba. Sista kuma har yau in muka yi waya sai ta ce ita ta ceci 'yata daga hannuna. Ba mu daidaita ba, ba na jin za mu daidaita.

Da arba'in ta cika aka fita yawon gaishe da 'yan'uwa. Muka je unguwar Fereej Abdel Aziz, wurin wasu mutanenmu da ke zaune a saman wani tsohon bene marar lif. Surukina ya miƙa hannu zai karɓi jaririn, na ce wa 'yata ta goya abinta. Ta goya, ta shiga gaba. Na bar tazara na bi bayanta ina kallon ƙugunta da yadda take ɗaga ƙafa. Ba ta kama ƙarfen gefe ba, ba ta tsaya hutawa ba. Da ta kai sama ta juyo tana nemana, ni ce a tsakiyar hanya ina mayar da numfashi.

"Inna, in zo in kama ki?"

"Wuce ki yi sallama," na ce. "Ina zuwa."